Ƙwallon Ƙafar Amurka: Daga Filin Makaranta Zuwa Kasuwar Biliyoyin Daloli

A kakar wasa ta shekarar 1905, jaridun Amurka sun ƙirga matasa aƙalla 18 da suka rasa rayukansu a filin ƙwallo, mafi yawansu yaran sakandare. Waɗanda suka karye ko suka nakasa kuwa sun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Tun kakar ba ta yi nisa ba, cikin watan Oktoba, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa ta White House, ya nemi su tsabtace wasan. Shi kansa mai son wasan ne, ɗansa na cikinsa ma yana bugawa a Harvard a lokacin. Amma jama'a sun riga sun ƙosa. Jami'ar Columbia ta haramta wasan baki ɗaya, Stanford da California kuma suka koma wa zari-ruga. Duk wanda ya ga halin da ake ciki a shekarar nan, da wuya ya yarda cewa wannan wasa zai wayi gari ya fi kowane wasa kawo kuɗi a Amurka.

Asalinsa daga makaranta ne, kuma har gobe bai rabu da makaranta ba. Ranar 6 ga Nuwamba 1869 ɗaliban Rutgers suka karɓi baƙuncin na Princeton a garin New Brunswick na jihar New Jersey, mutum 25 kowane ɓangare, Rutgers ta ci 6 da 4. Wannan karawa ita ake lissafawa a matsayin ta farko, ko da yake ta fi kama da ƙwallon da muka sani, don da ƙafa aka fi bugawa. A 1874 ɗaliban McGill daga Kanada suka zo Harvard da salon zari-ruga na Ingila, inda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, a kuma kayar da mai riƙe da ita. Salon ya shiga ran 'yan Harvard, daga nan ya bazu zuwa sauran jami'o'in gabashin ƙasar.

Mutumin da ya raba wasan da zari-ruga shi ne Walter Camp na jami'ar Yale. A 1880 ya kawo shawarar a rage 'yan wasa zuwa 11, a kuma daina cunkushewa a kan ƙwallo ana kokawar wa zai fitar da ita. Maimakon haka, ɓangarorin biyu su ja layi suna fuskantar juna, ƙwallo tana hannun ɓangare ɗaya, shi ne zai fara. Nan da nan aka gano ɓarakar wannan tsari: ƙungiyar da ke gudun a ci ta sai ta riƙe ƙwallo ta ƙi motsi har lokaci ya ƙare. Haka Yale da Princeton suka yi a 1881, 'yan kallo suka tashi rai a ɓace. Sai Camp ya ƙaro doka a 1882: ko dai ku ci gaba da yadi biyar cikin yunƙuri uku, ko ku ba da ƙwallo. Daga wannan doka aka fara zana layuka a gicciye cikin fili domin awo, kuma daga ita wasan ya samu ɗabi'arsa ta tsayawa a shirya dabara kafin kowane hari.

Sai dai dabarar da aka fi raja'a a kanta a zamanin ita ce ta ƙarfin tuwo. A 1892 Harvard ta fito da wani salo inda ƙarti ke haɗa kafaɗa su yi tsini kamar bakin mashi, mai ƙwallo yana tsakiyarsu, su rugo a guje su afka wa mutum ɗaya. Babu hular kwano, babu abin kare ƙirji na kirki. An hana wannan salo bayan shekara biyu, amma ire-irensa suka ci gaba, su ne suka kai ga asarar rayukan 1905. Gyaran da aka yi a 1906 ya halatta jefa ƙwallo gaba, ya mayar da yadi biyar zuwa goma, don a tilasta wa 'yan wasa su bazu cikin fili. Ƙungiyar da jami'o'i suka kafa don wannan gyara ita ce ta koma NCAA a 1910, wadda har yau ke kula da wasannin jami'o'in Amurka. A 1912 aka ƙara yunƙuri ya zama huɗu, aka tsayar da tsawon fili a yadi 100. Kusan duk dokar da ke cikin wasan nan, in ka bi diddiginta, ko dai wani ya yi wayo aka toshe masa hanya, ko wani ya ji ciwo aka ce kada a sake.

Mu nan Jajaye da kewayen Rogo da Ƙaraye, wanda ya fara cin karo da wasan a waya ko a talabijin yakan ce bai ga komai ba sai ƙarti suna turereniya. Amma duk wanda ya yi langa a dandali da farin wata yana da mabuɗin fahimtarsa. A langa ɓangare ɗaya yana fitar da ruwa, 'yan uwansa su kewaye shi suna tare masa maƙiya, su kuma abokan hamayya ba su da buri sai su kai ruwan nan ƙasa kafin ya isa wurin sha. To, mai riƙe da ƙwallo shi ne ruwa. Wurin sha kuwa shi ne fili mai zurfin yadi goma da ke kowane ƙarshe. In ya shiga da ƙwallo a hannu, ko aka jefo masa ya cafe a ciki, maki shida ke nan. Bayan haka ƙungiyarsa za ta zaɓa: ta buga ƙwallo ta bi tsakanin dogayen sanduna biyu ta ƙara maki ɗaya, ko ta sake kutsawa daga kusa ta ƙara biyu. In hanya ta toshe amma an matso, ana iya bugawa tsakanin sandunan a samu maki uku. Masu tsaro ma suna samun maki biyu in suka kayar da mai ƙwallo a cikin gidansa.

Zuciyar wasan tana cikin yunƙurin nan huɗu. Ku ci yadi goma, a sabunta muku huɗu. Ku kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya daga inda kuka tsaya. Shi ya sa a yunƙuri na huɗu galibi ake dukan ƙwallo ta yi nisa, don in za su karɓa su karɓa daga can baya. Lokacin wasa minti 60 ne, an kasa shi huɗu, amma saboda yawan tsayar da agogo akan kwashe sama da awa uku. Sauyin 'yan wasa ba shi da iyaka, don haka masu kai hari daban, masu tsaro daban, masu bugu daban, kowa da sana'arsa. Ƙarti biyar da ke gaba, waɗanda ɗayansu kan kai kilo 140, suna iya gama shekara ba su taɓa ƙwallo ba, aikinsu tare hanya kawai. Bayansu akwai madugu, wanda ake kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya haddace ɗaruruwan dabaru, ya karanci tsayuwar masu tsaro, kuma cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka ya yanke shawarar wanda zai jefa wa, alhali wasu ƙarti na rugowa su danne shi. A nan ne na fi ganin kyan wasan. Ƙarfi yana da muhimmanci, amma ƙungiyar da ta fi nazari ita ta fi yawan cin nasara.

Kuɗi sun shigo ta bayan gida. Jami'o'i sun ɗauki karɓar lada a kan wasa abin kunya, amma kulob-kulob na garuruwan masana'antu ba su ga aibinsa ba. Ranar 12 ga Nuwamba 1892 kulob ɗin Allegheny da ke yankin Pittsburgh ya ba William Heffelfinger dala 500 a ɓoye don ya buga masa wasa ɗaya. Shi ne na farko da takarda ta tabbatar an biya. Shekaru kusan talatin aka yi cikin ruɗani, ɗan wasa ya buga wa wannan gari yau, mako mai zuwa ya koma wa wanda ya fi tsoka. Ranar 17 ga Satumba 1920 masu ƙungiyoyi suka taru a shagon sayar da motoci na Ralph Hay a garin Canton na jihar Ohio, suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya, suka ɗora Jim Thorpe, ɗan asalin jajayen Indiyawan Amurka kuma zakaran Olamfik na 1912, a kujerar shugabanci saboda sunansa. A 1922 aka sa mata suna NFL.

Akwai tabon da bai kamata a tsallake ba. A farkon tafiya baƙaƙen fata suna ciki. Fritz Pollard ma ya horar da ƙungiyar Akron a 1921. Amma daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a NFL, ba tare da wata rubutacciyar doka ba, masu ƙungiyoyi ne kawai suka haɗa baki. Sai a 1946 Kenny Washington da Woody Strode suka shiga Los Angeles Rams. Ƙungiyar birnin Washington ta yi taurin kai har 1962, sai da gwamnatin tarayya ta yi mata barazanar hana ta sabon filin wasa. Ko bayan an buɗe ƙofa, an daɗe ana hana baƙi matsayin madugu bisa mugun zaton cewa aikin tunani ba nasu ba ne. Doug Williams ya ƙaryata wannan a Janairun 1988, lokacin da ya jagoranci wannan ƙungiya ta Washington ɗin ta ci kofi. Yau baƙaƙen fata su ne mafi rinjaye cikin 'yan wasan NFL.

Talabijin ce ta ɗaga wasan sama. Wasan ƙarshe na 28 ga Disamba 1958 tsakanin Baltimore Colts da New York Giants ya kai ga ƙarin lokaci, miliyoyin mutane suna kallo a gidajensu, daga ranar kamfanonin talla suka farga. A 1960 Lamar Hunt da wasu attajirai da aka hana su shiga NFL suka fara tasu gasar, AFL, aka shiga tseren sayen 'yan wasa har kowa ya ji jiki, aka yi sulhu a 1966. Zakarun ɓangarorin biyu suka haɗu ranar 15 ga Janairu 1967, Green Bay Packers ta doke Kansas City Chiefs da 35 da 10. Wannan shi ne Super Bowl na farko. Na watan Fabrairun 2025, wanda Philadelphia Eagles ta ci Kansas City 40 da 22, mutum sama da miliyan 127 suka kalla a Amurka kaɗai.

Masoya Firimiya da Laliga da ke cika gidajen kallo a garuruwanmu za su yi mamakin tsarin NFL. Ƙungiyoyi 32 ne, babu faɗawa rukunin ƙasa, kowace tana buga wasa 17 kafin zagayen kifa-ɗaya-ƙwala. Kuɗin talabijin, wanda yarjejeniyar 2021 ta kai kimanin dala biliyan 110 na shekara 11, ana raba shi daidai wa daida, al'adar da shugaban NFL na lokacin, Pete Rozelle, ya kafa tun farkon shekarun 1960. Tun 1994 akwai iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a albashi. A 2024 dala miliyan 255.4 ne, mai kuɗi da marar kuɗi ba wanda zai wuce. Sannan wadda ta zo ta kashin baya a bara ita ke fara zaɓen sabon ɗan wasa a bana. Da wannan tsari ne Green Bay, gari mai mutum dubu ɗari da 'yan kai, wanda magoya baya ne suka mallaki ƙungiyarsa, yake gogayya da New York. A ganina wannan ya fi adalci a kan gasar da tun kafin a fara an san ƙungiyoyi uku ko huɗun da za su iya ɗaukar kofi.

To ta yaya yaro ke zama ɗan NFL? Babu makarantar rainon 'yan wasa ta kulob irin ta Turai. Hanyar ta cikin aji ta bi. Yara sama da miliyan ɗaya ke bugawa a sakandare, galibi daren Juma'a. Waɗanda suka yi fice jami'o'i su ba su gurbin karatu kyauta, bisa sharaɗin sakamakon jarrabawarsu ya kai. Ba a shiga NFL sai an yi shekara uku da gama sakandare. Duk shekara akan gayyaci kimanin 300 zuwa birnin Indianapolis a auna su: gudun yadi 40, ɗaga ƙarfe mai kilo 102 iya yawan da mutum zai iya, tsalle, binciken likitoci, da tambayoyin ƙeƙe-da-ƙeƙe. A watan Afrilu sai a yi zaɓe, zagaye bakwai, mutum ɗari biyu da hamsin da ɗoriya. Lissafin NCAA ya nuna ƙasa da biyu cikin ɗari na 'yan wasan jami'a ne ke samun shiga. Kuma awo ba ya gano komai da komai: Tom Brady shi ne na 199 a zaɓen shekarar 2000, ya kuma ci Super Bowl sau bakwai.

Shiga ɗin ma ba hutu ba ne. Ƙungiya tana fara atisaye da mutum 90, ta tace su zuwa 53. Mafi ƙarancin albashin sabon shiga a 2024 dala 795,000 ne, kuɗi mai yawa ƙwarai, amma ƙungiyar 'yan wasa ta daɗe tana cewa matsakaicin zama a NFL bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba. Mutum yana da shekara 26 an sallame shi, gwiwa ta lalace. Daga nan wasu su koma horarwa, wasu sharhi a talabijin, wasu farautar sababbin 'yan wasa, wanda ya riƙe karatunsa kuma ya koma ga takardarsa.

'Yan Najeriya sun daɗe a wannan fage. Christian Okoye ɗan Inugu ne, ya tafi jami'ar Azusa Pacific a California a 1982 a matsayin mai jifan faifai. Da aka ƙi sa shi cikin tawagar Najeriya ta Olamfik a 1984, sai ya juya ga ƙwallon Amurka yana da shekara 23, bai taɓa buga ta ba. Kansas City ta zaɓe shi a 1987, kuma a 1989 ya fi kowa a NFL nisan gudu da ƙwallo, yadi 1,480. Amobi Okoye, haifaffen Anambara, an zaɓe shi a zagayen farko na 2007 yana da shekara 19. Osi Umenyiora, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Najeriya, ya ci Super Bowl sau biyu da New York Giants, sannan ya dawo yana neman matasa a gida. Ta hanyarsa da shirin da NFL ta buɗe wa 'yan ƙetare a 2017, samari irin su Roy Mbaeteka da Haggai Ndubuisi suka sa hannu da ƙungiyoyin NFL a 2022 ba tare da sun bi ta jami'ar Amurka ba. An yi sansanin gwaji a Accra a 2022, a Nairobi a 2023, a Legas a 2024.

Musulmi ma sun bar tarihi. Husain Abdullah ya ajiye kakar 2012 sukutum, da albashinta, ya tafi aikin Hajji tare da yayansa Hamza da iyayensu. Ya dawo ya shiga Kansas City. Ranar 29 ga Satumba 2014 ya fizge ƙwallon da Tom Brady ya jefa, ya ruga da ita har gida, ya faɗi ya yi sujada. Alƙalin wasa ya hukunta ƙungiyarsa da yadi 15, washegari NFL ta fito ta ce bai kamata a hukunta shi ba. Amma abin da ya fi taɓa ni a labarinsa shi ne ƙarshensa: a 2016, yana da shekara 30, ya yi ritaya da kansa saboda buguwar ƙwaƙwalwa sau biyar, ya ce yana son hankalinsa ya zauna daidai a sauran rayuwarsa.

Tsoronsa yana da tushe, kuma ɗan Najeriya ne ya tono tushen. Dokta Bennet Omalu, ɗan Anambara da ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, ya kuma yi aiki a Jos kafin ya tafi Amurka, yana aikin binciken gawa a Pittsburgh a 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster. Webster gwarzo ne da ya ci Super Bowl huɗu, amma ya rasu yana da shekara 50 bayan ya yi fama da mantuwa da ruɗewa, har yana kwana a cikin mota. A ido ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Omalu bai gamsu ba, ya yanka ta sala-sala ya duba a madubin likita, ya tarar da wani furotin ya taru ya lalata ƙwayoyinta. Ya wallafa bincikensa a 2005, ya danganta cutar, wadda ake kira CTE, da yawan karon kai. Likitocin da ke tare da NFL suka nemi a janye rubutun. Bai janye ba. Dubban tsofaffin 'yan wasa suka kai ƙara, a 2013 NFL ta amince ta biya dala miliyan 765, daga baya aka cire iyakar kuɗin. A 2016 wani babban jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. Binciken jami'ar Boston na 2017 ya samu cutar a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL da iyalansu suka bayar. Tun daga nan an tsaurara hukuncin karo da kai, an sa likitoci masu zaman kansu a bakin fili. Duk uban da ɗansa ya zo masa da mafarkin wasan nan, ya kamata ya san sunan Webster kamar yadda ya san na Brady.

Wanda ya duba sunayen 'yan Najeriyar da na lissafa zai ga duk daga kudu suke. Ba ƙarfi aka fi mu ba. Saurayin da ke ɗora buhun masara a kan mota ranar kasuwa a Rogo, ko mai yini yana noman rani a gefen madatsar Challawa, ko ɗan kokawar da ake yi wa kiɗa bayan kaka, jikinsu ya kai. Abin da babu shi ne hanya. Masu farauta suna zuwa inda akwai makaranta mai fili da malamin wasanni da rajistar haihuwa, inda yaro zai iya karanta littafin dabaru da Turanci ya kuma cika takardar neman gurbi. Christian Okoye bai isa Kansas City ba sai da ya fara zama ɗalibi.

Akwai wata ƙofa kuma da ta fi dacewa da mu, mai sauƙin kuɗi, marar karon kai. Ita ce ƙwallon tuta: mutum biyar-biyar, kowa ya ɗaura ƙyalle biyu a ƙugu, maimakon a kayar da mai ƙwallo sai a fizge ƙyallensa. Babu hular kwano, babu sulke. A Oktoban 2023 kwamitin Olamfik na duniya ya sa ta cikin wasannin Los Angeles na 2028, maza da mata. A Yunin 2025 aka yi gasarta ta Afirka ta farko a Alƙahira, tawagogin Najeriya biyu, maza da mata, suka ɗauko kofunan duka. Ina kira ga malaman wasanni na sakandarorin Ƙaraye da Rogo, da hukumar wasanni ta jihar Kano, su nemi dokokin wasan nan su gwada shi da ɗalibansu. Ƙwallo ɗaya ake buƙata, da ƙyalle ashirin daga shagon tela, da filin makarantar da yake nan tun tuni.